Saura Minti Tara

Rana ta faɗi, duhu bai gama zama ba, aka ɗauke wuta. Fitilun gidan suka ƙifta sau ɗaya suka dawo, domin inbata, na'urar da ke ba da wuta daga batir, ta karɓa, sannan daga ɗakin baya aka fara jin kukanta, ƙit, shiru, ƙit. Injiniya yana zaune a falo da kofi a hannu. Bai ƙarasa kurɓar da ya fara ba. Ya dire kofin, ya tsallake ƙafafun matarsa ba ko sannu, ya nufi ɗakin baya da irin gudun da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba.

Ɗakin nan a da na tarkace ne. Shekara tara da suka wuce ya share shi, ya kafa kantar ƙarfe, ya jera baƙaƙen injina uku, irin waɗanda ake kira saba, masu riƙe bayanan wani ƙaramin asibitin haihuwa da shagunan magani biyu. A cikin injinan nan uku akwai kwamfutoci goma sha ɗaya da ba su da jiki, ba a ganinsu, ba a taɓa su, suna zaune ne a cikin ƙarfen suna aiki. Injiniya yana kiransu baƙi, injinan kuma masu masauki. Idan wuta ta tafi, ba a kashe su farat ɗaya. Ƙananan baƙi ake fara sallama, a jira kowanne ya gama abin da yake rubutawa ya rufe. Sannan rumbun bayanai, wanda duk suka jingina da shi. Sannan masu masauki, ɗaya bayan ɗaya. Aikin na cin minti goma sha shida. Akwai tsarin da zai iya yinsa da kansa, amma Injiniya bai yarda da hannun kowa ba, ko da na na'ura ne, kuma babban abin alfaharinsa a duniya shi ne a shekara tara bai taɓa fizge musu waya ba.

Matsalar ita ce batir guda ne ke riƙe da injinan da kuma layin gida, wato fitilu da firij da fanka. Da layin gida a kai, batirin na yin minti goma sha ɗaya. In an sauke shi, sha takwas. Lissafin ba shi da wuya, kuma Injiniya ya daɗe da gama shi. Abu na farko da hannunsa ke taɓawa in ya shiga ɗakin shi ne makunnin layin gida da ke bayan ƙofa. Yana aika wa asibiti saƙo cewa za a rufe nan da minti biyu, yana aika wa masu shagunan magani, har da ban haƙuri. Mutanen gidansa kuwa, waɗanda ke taku goma daga ƙofar, bai taɓa ɗaga murya ya ce ku tsaya inda kuke, zan kashe fitila ba.

A wannan magaribar Auta, 'yarsu mai shekara goma sha uku, ta fito daga kicin riƙe da butar ruwan da ya tafasa. Tana tsakiyar korido duhu ya rufe ta. Ƙafarta ta daki dokin ƙofa, butar ta suɓuce, ruwan ya kwarara cikin lungun da ke ƙarƙashin matakala, inda ba a ajiye komai sai tsohuwar tsintsiya. Ko ɗigo bai taɓa jikinta ba. Amma daga lungun sai wani siririn kuka ya taso, gajere, kamar na ɗan kyanwa da aka taka, ya yanke.

Umma ta lalubo ta a duhu tana kiran mijinta. Daga ɗakin baya ya amsa cewa su yi haƙuri, saura rumbu. Bai fito ba sai da minti goma sha shidansa suka cika.

Umma ba mai yawan magana ba ce, amma a daren ta yi. Ta ce da fuskar yarinyar ce ta saɓule, haka zai ce saura rumbu? Ya ce ai ba ta ƙone ba. Ta ce ba wannan ta tambaye shi ba. Ya ce ba ta san abin da ke cikin injinan ba, ba ta san me ake nufi da rubutu ya katse a tsakiya ba, kuma da waɗannan ƙarafan da take rainawa ake dafa abin da ake ci a gidan. Ta dube shi ta ce ta gode da karatu. Suka kwanta kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, da safe kuma ya tashi kamar ba a yi komai ba, wanda shi ne ya fi ƙona mata rai.

Washegari da magariba aka sake ɗauke wuta, ya sake kashe layin gida, sai dutse ya sauka a kan kwanon rufi. Aka yi shiru. Na biyu ya sauka, na uku ya biyo, ba da gaggawa ba, kowanne tsakanin kukan inbata da na gaba. Injiniya ya ce 'yan unguwa ne. Ya zaga gidan da tocila bayan ya gama aikinsa, bai ga kowa ba, bai kuma ga dutse ko ɗaya a ƙasa ba. A kwana na uku duwatsun suka shigo cikin gida. Suna faɗowa a korido daga silin ɗin da ba shi da ko tsaga, kuma in ka ɗauka sai ka ji su da zafi. A na huɗu Umma ta ji mata suna magana ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin matakala, da wata tana rarrashin yaro.

Auta ta daina cin abinci, sannan ta daina barci, sannan ƙafafunta suka daina ɗaukarta. An kai ta wurin likita, ya duba duk abin da ake dubawa ya ce bai ga komai ba. Tana zaune wuni guda jingine da bango, idonta a kan lungun. Ranar da Umma ta kawo mata ruwa yarinyar ta dube ta ta ce, "Ke wace ce?", Umma ta shiga banɗaki ta rufe ƙofa don kada a ji kukanta. Abin da ya fi tayar da gashin jiki kuwa shi ne, duk sa'ad da aka ɗauke wuta, sai yarinyar ta buɗe baki da wata murya mai kauri wadda ba tata ba, ta fara ƙirga. Saura sha takwas. Saura sha bakwai. Injiniya yana can gaban allon inbata, kuma abin da take faɗa daidai yake da abin da yake gani. Ya ji ta sarai. Duk da haka sai da ya gama da baƙinsa yake fitowa, kuma wannan abu ne da ba za a iya yi masa kwaskwarima ba.

A kwana na takwas Umma ba ta nemi izinin kowa ba, ta je ta zo da wani tsohon malami, aminin mahaifinta, wanda ake kira Sannu-Sannu saboda ko takalmi zai cire sai ka gaji da jira. Ya gaisa da Injiniya doguwar gaisuwa, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya leƙa ɗakin baya ya saurari gurnanin injinan, ya tsaya a gaban lungun ya daɗe yana dubansa. Sannan ya sa aka shimfiɗa wa Auta tabarma a korido, ƙarƙashin ƙwan fitila, ya zauna a gefenta ya ce za su jira. Duk makon wutar sai ta zo ta tafi, batirin bai ƙoshi ba, Injiniya sai duba agogo yake yana cizon leɓe.

Hasken taga ya koma ja, ya koma toka. Fitilar ta ƙifta. Daga ɗakin baya kukan ya fara. Injiniya ya zabura, sai ya ji hannun tsohon a kan gwiwarsa, marar nauyi, amma ya kasa miƙewa. Malam ya fara karatu a hankali, muryarsa ba ta fi numfashi ba. Auta ta sandare. Kanta ya juyo, idanunta suka tsallake Malam suka sauka a kan mahaifinta.

"Saura tara," in ji muryar.

Malam ya yi mata sallama, ya tambaye ta ko wace ce, kuma me yarinya ta yi mata. Muryar ta ce ita ce mai lungun, tana nan tun kafin a zuba harsashin gidan. Ta ce yarinyar ba ta yi mata komai ba, yarinya ce da ba ta zubar da ko ruwan wanke hannu ba tare da ta ambaci Allah ba, faɗuwa ta yi. Ta ce ɗanta na goye yana kwance a lungun lokacin da ruwan ya sauka, kuma har yau bai buɗe ido ba.

"Shekara tara ina jin mutumin nan yana lallaɓa ƙarfe," ta ce, bakin Auta yana rawa. "Ka gama? Ka ajiye? To sauka lafiya. Ƙarfe yake faɗa wa haka. Mu kuwa, da mu da nasa na jini, sai dai mu ga duhu. Na jefe shi bai ji ba. Na ƙirga masa bai ji ba. To na ɗauki abin da zai ji."

Malam ya tambaya su nawa ne a jikin yarinyar. Ta ce biyar. Ɗaya na riƙe da ƙafafu, ɗaya da ciki, ɗaya da barci. Ƙanwarta na riƙe da duk abin da yarinyar ta sani, tun daga sunan uwarta har zuwa hanyar makaranta. Ita kuma tana riƙe da su duka.

A nan Injiniya ya fashe. Tsoro ne ya koma masa fushi, ya miƙe yana kumfar baki, ya ce wa Malam ba hira aka kira shi ya yi ba, ya ƙona su, ya fizge su gaba ɗaya yanzu-yanzu, shi yana da aiki a gabansa. Tsohon ya bar shi ya gama.

"Zan iya," ya ce. "Amma faɗa mini, Injiniya. Naka da ke ɗakin can, in ka fizge musu waya gaba ɗaya, me ke faruwa?"

Injiniya ya koma ya zauna. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka. Ya ce abin da ake tsakiyar rubutawa yana lalacewa. Wani lokaci su tashi lafiya. Wani lokaci injin ya tashi, fitilarsa na ci, fankarsa na juyawa, amma bai san abin da ke cikinsa ba. Ya dubi 'yarsa.

Malam ya koma ga muryar. Ya tuna mata cewa ita da bakinta ta wanke yarinyar, kuma wanda ya kama marar laifi yana da Wanda zai tambaye shi. Ya ce ba ya son ya ƙara wa mai jinya ciwo, amma in ta ƙi, zai ci gaba da karatu har sai ɗayansu ya gaji, kuma shi ba a san shi da gaggawa ba. Ta yi wata dariya marar daɗi. Sannan ta ce za su fita, amma da sharaɗi: wannan ƙwan fitilar da ke samansu, shi ɗin da aka kashe a ranar, ba tocila ba, ba kyandir ba, zai zauna a kunne har na ƙarshensu ya fita. Fitar za ta kai awa guda. In ya mutu ko na ƙiftawar ido ne, duk wanda ya rage ya zauna ke nan.

"Saura bakwai," ta ƙara da cewa.

Injiniya bai buƙaci takarda ba. Da injinan a kai, batirin zai mutu nan da minti bakwai, fitilar ta bi shi. Hanya ɗaya ce, kuma ya san ta. Sai ga shi yana roƙo. Ya ce a ba shi minti shida kawai ya rufe rumbu, rumbu kaɗai, sauran su tafi. Shi kansa ya san in batir ya yi ƙasa haka inbata yanke kanta take yi, ba ta barin ko na ƙwan fitila, amma bakinsa ya ci gaba, yana cewa asibiti, yana cewa shekara tara. Umma tana durƙushe riƙe da kan Auta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baban Auta, je ka rufe rumbunka," ta ce. "In ka gama ka zo ka gaya mata sunanta, tunda kai ka raɗa mata."

Ya tafi. Suna jin takunsa har ƙofar ɗakin baya. Hannunsa, da ya saba, ya tafi kai tsaye ga makunnin bayan ƙofa, har yatsansa ya zauna a kai. Ya tsaya a haka yana kallon yatsan kamar na wani. Ƙananan fitilu kore suna ƙiftawa a jikin injinan, baƙi goma sha ɗaya kowa na tsakiyar aikinsa. Ya janye hannun, ya durƙusa bayan kantar, ya kama kakkaurar baƙar wayar da ke ba injinan wuta da hannu biyu, ya fizge.

Gurnanin da gidan ya shekara tara yana kwana da shi ya ɗauke farat ɗaya. Shirun ya yi nauyi har kunne na ciwo. Ya sauke firij da fanka daga layin gida ya bar fitila kaɗai, sai a allon inbata lambar ta tsallake daga minti biyar zuwa awa huɗu.

Da ya dawo korido, muryar ta ce ta ji. Ta ce to ita ta tafi wurin ɗanta, sauran su nemi hanya a bayanta. Jikin Auta ya fara karkarwa daga wuya.

"A'a," in ji Injiniya. Malam ya ɗago ya dube shi, bai hana shi ba. "Ke ce kike riƙe da su. In kika fara fita, za su saki abin da ke hannunsu inda suka ga dama. Ƙanana tukuna. Mai riƙe da saninta kafin ke. Ke ce ƙarshe."

"Yanzu kuma ni za ka koya wa?"

"Shi kaɗai na iya," ya ce.

Ta yi tsaki mai tsawo, amma karkarwar ta tsaya. Malam ya ce masa ya riƙe ƙafar yarinyar ta hagu, ya koma karatunsa. Na ƙafafu ya fara. Injiniya ya ji wani sanyi yana gangarowa ƙarƙashin tafinsa, ya tsinci bakinsa yana tambayar da ya saba: ka gama, ka ajiye komai inda ka same shi? Ƙaramin yatsan ƙafar ya motsa, sanyin ya wuce. Na ciki ya biyo, sannan na barci, Auta ta yi hamma irin wadda ba ta yi ba kwana bakwai. Ta huɗun ce ta daɗe. Idanun yarinyar suna yawo ƙarƙashin fatarsu, leɓunanta suna motsi da guntayen kalmomi, waƙar wasa, lissafin makaranta, sunan wata kyanwa da ta mutu tun tana shekara biyar. Umma ta so ta girgiza ta, Injiniya ya ce a bar ta, ba a katse wannan. Wayarsa ta fara kaɗawa a aljihu, ta gaji ta tsaya, ta sake farawa. Bai saki ƙafar ba.

Da ya rage uwar kaɗai, Malam ya yi mata alkawarin za a toshe bakin lungun ba mai sake zuba komai a ciki, kuma ba za a ƙara kashe fitila a gidan ba sai an ɗaga murya an faɗa. Ya yi wa ɗanta addu'ar samun sauƙi. Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce ta yi haƙuri.

"Ajiye haƙurinka," ta ce. "Akwai waɗanda suka riga ni a layi, ga su nan a gabanka."

Yatsan ya motsa. A ƙarƙashin matakala tsohuwar tsintsiyar ta faɗi da kanta, shi ke nan.

Washegari injina biyu suka tashi, rumbun bai tashi ba. Sai daga ajiyar daren da ya gabata aka dawo da shi, aikin wuni guda ya salwanta, kuma kafin wata ya ƙare asibitin ya ɗauke aikinsa ya kai wa wani. Amma wannan duk daga baya ne. A lokacin dai suna zaune su uku ƙarƙashin ƙwan fitila, ba mai motsi, suna jiran su ga wace ce za ta farka.

Auta ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallon fuskar da ke samanta, sannan ta ce, "Umma, yunwa nake ji." Umma ta kifa fuskarta a kan goshin yarinyar, kafaɗunta na rawa. Auta ta karkata kai tana saurare. Ta dubi tagar korido, ta ga unguwa duk duhu. Ta dubi ƙasa, ta ga wanda ke riƙe da ƙafarta.

"An ɗauke wuta ne?"

"An ɗauke," ya ce.

Ta yamutsa fuska, ba da gatse ba, da mamaki na gaskiya.

"To Baba, me kake yi a nan?"

Malam Sannu-Sannu ya sunkuya ya fara neman takalminsa. Umma ta ɗago jajayen idanunta ta zuba su a kan mijinta, tana jira ta ji. Wayar ta sake kaɗawa a aljihunsa. Injiniya, wanda bai taɓa rasa amsar da zai ba kowa a gidan nan ba, ya ƙara riƙe ƙafar da hannu biyu.